Tallafin Gwamnati Da Rajistar Talakawa: Abin Da Ngojin Ta Potiskum Ke Nunawa

POTISKUM — A ranar 17 ga watan Oktoba na shekarar 2023 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin biyan Naira 25,000 a kowane wata, har tsawon wata uku, ga gidaje miliyan 15 na masu ƙaramin ƙarfi, domin rage musu raɗaɗin janye tallafin man fetur. Idan aka lissafa Naira 75,000 ga kowane gida, jimlar kuɗin ta kai Naira tiriliyan 1 da biliyan 125. To amma a cikin watan Mayu na 2025, bayan fiye da shekara ɗaya da rabi, Bankin Duniya, wanda ya ba da rancen gudanar da shirin, ya bayyana cewa gidaje miliyan 5.6 ne kawai suka karɓi ko da biya ɗaya, wato kimanin kashi 37 cikin 100 na waɗanda aka yi nufi.

Tun cikin watan Disamba na 2021 Bankin ya amince da rancen Dalar Amurka miliyan 800 domin wannan aiki, saboda haka babban abin da ya kawo cikas shi ne takardar sunayen waɗanda za a biya: wane ne ya rubuta ta, yaushe aka rubuta ta, kuma ta yaya za a tabbatar cewa mai sunan yana raye kuma kuɗin zai shiga hannunsa. Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa fili a wuri irin Ngojin, da ke mazaɓar Ngojin/Alaraba, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Potiskum a jihar Yobe.

Arziki a kasuwa, talauci a gida

Potiskum gari ne na hada-hadar kasuwanci. Kasuwar shanunta na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, tana da babbar kasuwar hatsi, kuma manyan motocin ɗaukar kaya na garin sun san kowace hanya daga Maiduguri zuwa Legas. Amma mutanen karkarar da ke kewaye da garin, har da na Ngojin, galibinsu manoman gero, dawa, wake da gyaɗa ne, masu dogaro da damina ɗaya ta wata uku zuwa huɗu, tare da ɗan kiwon awaki da tumaki.

Binciken halin zaman gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya, kusan mutum miliyan 83, suna rayuwa a ƙasa da Naira 137,430 a shekara ga kowane mutum, wato kimanin Naira 376 a rana. A jihar Yobe adadin ya kai kashi 72 cikin 100. Har ila yau, a cikin watan Nuwamba na 2022 hukumar ta fito da wani awo na dabam, wanda ya duba lafiya, ilimi, ruwan sha, makamashin girki da aikin yi, inda ta ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke.

Waɗannan alƙaluma na da amfani wajen raba kasafi tsakanin jihohi, sai dai ba su ambaci sunan kowa ba. Inda mutum bakwai daga cikin goma talakawa ne, kuma kuɗin da ke hannu ba zai isa kowa ba, dole a zaɓi wasu a bar wasu, alhali bambancin da ke tsakaninsu bai wuce akuya biyu ko damin gero biyar ba. Ga shi kuma rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka ce Yobe na da mutum kimanin miliyan 2.3, Potiskum kuma sama da 200,000. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.

Daga littafin haraji zuwa kwamfuta

Rubuta sunayen talakawa gida-gida ba baƙon abu ne a wannan yanki ba. A zamanin En'e, a ƙarƙashin Hukumar En'e ta Fika wadda hedkwatarta ta koma Potiskum a 1924, dagatai da masu unguwa kan ƙidaya kowane baligi duk shekara domin haraji, a ƙidaya shanu domin jangali. Wanda ya mutu a cire shi, wanda ya balaga a sa shi, wanda ya yi ƙaura a bi sawunsa. Talakawa sun sha wahalar wannan tsari, shi ya sa gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Duk da haka akwai abin lura a ciki: a lokacin da hukuma ke karɓa daga hannun talaka, littafinta bai taɓa kwana shekara biyu ba a sabunta shi ba.

Shirye-shiryen bayarwa kuwa ba su sami irin wannan kulawa ba. An yi shirin kyautata rayuwar matan karkara na uwargida Maryam Babangida a 1987, da Bankin Al'umma a 1989, da shirin tallafa wa iyali na uwargida Maryam Abacha a 1994, da shirin bunƙasa tattalin arzikin iyali a 1997, da hukumar yaƙi da fatara ta NAPEP a 2001, da SURE-P a 2012. Kowane shiri ya zo da nasa jerin sunaye, kuma mafi yawansu sun tafi tare da gwamnatin da ta kawo su.

Yunƙurin kafa rajista guda ɗaya ta dindindin ya kankama ne a 2016, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta karɓi rancen Dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, ta kafa ofishin NASSCO domin kula da rajistar marasa galihu ta ƙasa, da wani ofishi na dabam domin biyan kuɗi. An ware wa shirin Dala miliyan 322.5 na kuɗin da ƙasar Suwizalan ta maido a ƙarshen 2017 daga dukiyar da aka danganta da marigayi Janar Sani Abacha. A wancan lokacin, kowane gida da aka zaɓa yana samun Naira 5,000 a wata, ana biya Naira 10,000 duk wata biyu, galibi a hannun matar gida. Ya zuwa 2022 shirin ya kai ga kusan gidaje miliyan 2, rajistar kuma ta ƙunshi kimanin gidaje miliyan 15 da mutum sama da miliyan 60 a 2023.

Yadda suna ke shiga rajista

Matakai uku ake bi. Da farko ana duba taswirar talauci ta jiha, a fara da ƙananan hukumomi da garuruwan da suka fi baƙin talauci. Na biyu, jami'an ƙaramar hukuma kan tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, a nemi kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a garinsu, sannan ya lissafa gidajen da siffar ta hau kansu, daga baya a haɗa jerin uku a daidaita su a bainar jama'a. Hikimar wannan mataki ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: maƙwabta sun san gidan da ba a hura wuta sau biyu a rana.

Mataki na uku shi ne na alƙaluma. Ma'aikata kan shiga gidajen da aka lissafa da kwamfutar hannu, su rubuta yawan mutanen gida, shekarunsu, iliminsu, irin rufin ɗaki da daɓensa, inda ake samun ruwan sha, irin makewayi, da kadarorin da aka mallaka. Tun da yake manomi ba shi da takardar albashi da za a duba, sai a yi amfani da waɗannan alamomi a ƙiyasta abin da gidan ke kashewa, kwamfuta ta ba kowane gida maki, a jera su daga mafi talauci zuwa mai dama-dama. Bayanan kan tafi ofishin jiha a Damaturu, daga nan su wuce Abuja.

Tsarin ya fi raba kati ta hannun shugabannin jam'iyya nesa ba kusa ba. Amma yana da raunin da masana tattalin arziki suka daɗe da ganowa a ƙasashen Afirka da dama: awon alamomi ya fi iya tsame mai hali daga jerin, bai cika iya gano wanda ya fi kowa talauci a cikin matalauta ba. Kwanon rufi shaida ne na shekarar da aka sami amfani mai kyau, ko da shekara goma ce da ta wuce, ba ya faɗin abin da ke cikin rumbu a bana. Haka kuma ma'anar gida ita kanta tana da wuya a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ƙa'idar ita ce a ƙidaya masu ci daga tukunya ɗaya, amma a gida mai sassa huɗu, da matan aure uku, da tsohuwa mai takaba a ɗakin baya, tukunya kan haɗu da damina ta rabu da rani. Makiyayi da ya tafi mashekari, da magidancin da ya tafi cin rani ranar da aka zo rubutu, da iyalan da rikicin Boko Haram ya koro suka raɓa a gidajen dangi, duk suna iya faɗuwa ta wannan rata.

Rajista na tsufa, farashi na gudu

Babbar matsalar ita ce lokaci. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafin man fetur, kuma cikin kwana biyu kamfanin NNPC ya sa lita a kan Naira 557 a Damaturu da Maiduguri, farashi mafi tsada a jerin da ya fitar, alhali kafin nan farashin hukuma bai kai Naira 200 ba. A watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 har ta haura Naira 1,500 a 2024. A watan Yuni na 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100.

Irin wannan girgiza tana jefa sababbin mutane cikin talauci a 'yan makonni: ɗan acaɓa, karen mota, mai tura baro a kasuwar hatsi, malamin makarantar firamare. Babu ɗayansu da taron gari zai sa a jerin matalauta shekara biyar da suka wuce. Haka ma wanda ambaliyar 2022, wadda ta taɓa Yobe tare da jihohi da yawa, ta cinye masa gona. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin waɗanda aka rubuta tun farko akwai wanda ya rasu, da wanda ya yi ƙaura, da wanda Allah Ya buɗa masa.

Darajar kuɗin ita ma ta zaizaye. Lokacin da aka fara biyan Naira 5,000, mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, wato tallafin ya haura rubu'insa. Da aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, Naira 5,000 ta koma kashi 7 cikin 100 kacal. Naira 25,000 da za ta sayi kusan lita 45 ta fetur a Damaturu a tsakiyar 2023, ba ta kai ta sayi lita 25 ba a ƙarshen 2024, bayan lita ta haura Naira 1,000. Ke nan gidan da aka jinkirta wa biya shekara guda, an rage masa kuɗin ne ba tare da an taɓa adadin ba.

Rikicin amana da shingen lamba

A ranar 20 ga Yuli 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke shugabanta kuma gwamnoni ke cikinta, ta nuna shakku a kan sahihancin rajistar, ta ce jihohi su haɗa nasu. A watan Agusta aka amince wa kowace jiha Naira biliyan 5 domin kayan rage raɗaɗi. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bisa zargin ba da umarnin tura Naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, sannan aka dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin ministan kuɗi Wale Edun. Da aka dawo da biya, sai aka gindaya sharaɗin cewa sai an tantance mai karɓa ta lambar ɗan ƙasa, wato NIN, ko lambar banki ta BVN, kuma kuɗin ya shiga asusu ko lalitar waya kai tsaye.

Sharaɗin na da hujja, domin shi ne maganin sunayen bogi da biya sau biyu. Amma ya fi tsananta wa waɗanda aka yi shirin dominsu. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na baligan Nijeriya ba su hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma abin ya fi yawa a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, a karkara, da tsakanin mata. Matar da ke Ngojin wadda sunanta ke cikin rajista sai ta biya kuɗin mota zuwa gari domin yin lamba, ta bi layi, wataƙila ta koma sau biyu. Idan an rubuta sunan mahaifinta Muhammad a wuri ɗaya, Mamman a wani, ko an ƙiyasta mata shekarun haihuwa iri biyu, kwamfuta za ta ƙi ta. Idan kuɗin ya shigo, mai na'urar POS zai cire ladansa, kuma sau da yawa wayar da saƙon ke shiga ta miji ce ko ta ɗa.

Jinkiri irin wannan yana da tsada ga kowa. A ranar 1 ga Agusta 2024, ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa, an ƙona motocin safa bakwai a harabar sakatariyar ƙaramar hukumar Potiskum, gwamnatin jihar kuma ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Potiskum, Gashuwa da Nguru. Ranar da aka hana fita, ba mai buɗe rumfa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasar Burazil ta kafa rajistarta guda ɗaya a 2001, ta ɗora shirin Bolsa Família a kanta a 2003. Ofisoshin ƙananan hukumomi ne ke riƙe da ita, a buɗe suke duk shekara, mai buƙata yana zuwa da kansa ya nemi a rubuta shi, kuma wajibi ne kowane gida ya sabunta bayanansa aƙalla sau ɗaya a wata 24. Ƙasar Togo kuwa, a lokacin annobar korona a 2020, ta fito da shirin Novissi, inda ta yi amfani da katin zaɓe da lalitar waya, daga baya ta ƙara da hotunan tauraron ɗan Adam da bayanan amfani da waya domin gano yankuna da mutanen da suka fi buƙata. Nijeriya ma ta gwada makamancin wannan a watan Janairu na 2021, da rajistar gaggawa ta talakawan birane, wadda ake shiga ta saƙon waya. Sai dai duk dabarar da ta dogara ga waya ba ta ganin wanda ba shi da waya.

Akwai kuma bayanan da ake sabuntawa a kai a kai a cikin gida. Sau biyu a shekara ana fitar da ƙiyasin halin abinci na Cadre Harmonisé, wanda a Nuwamba 2024 ya yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsin abinci tsakanin Yuni da Agusta na 2025. Irin wannan ƙiyasi na nuna yankin da yunwa za ta fi tsanani da watan da za ta zo, tun kafin ta zo. Haɗa shi da rajista mai rai shi ne zai sa a biya kuɗi a lokacin da ya dace.

Ruwan ɗan kasuwa a ciki

Kuɗin da aka bai wa matalauci ba ya kwana a asusu. Yana komawa wurin mai hatsi, mai man gyaɗa, mai kantin magani, tela da mai injin niƙa na kusa da shi. Wani babban bincike da aka yi a yankin Siaya na ƙasar Kenya a kan kuɗin da ƙungiyar GiveDirectly ta raba ya gano cewa kowace Dala ɗaya ta haifar da hada-hadar kusan Dala biyu da rabi a yankin, ba tare da farashi ya tashi sosai ba, kuma har waɗanda ba su karɓa ba sun amfana ta hanyar ciniki.

Lokacin biya ma ya shafi kasuwa. Manomin da rumbunsa ya ƙare a watan Yuli yakan sayar da akuyarsa da araha, ko ya ci bashin hatsi da zai biya da kaka, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin noma. Da kaka kuma ya sayar da amfaninsa a lokacin da farashi ya faɗi, ya dawo ya saye shi da tsada da damina. Naira 25,000 da ta zo a watan Yuli tana iya tsare gona da dabba, abin da ba za ta yi ba idan ta zo a watan Disamba. Manomin da ya tsira da gonarsa shi ne mai kawo kaya kasuwar Potiskum baɗi, shi ne kuma mai sayen taki da atamfa.

Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa, bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su matsa a kai a bayyane yake. A buɗe teburin rajista na dindindin a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, inda za a sa sabon suna, a cire na mamaci, a saurari ƙorafi. A kafe jerin sunaye a kowace mazaɓa domin jama'a su gani su gyara. A kai na'urar yin NIN har cikin ƙauyuka, a yi wa mutum rajista da lamba da asusu a zama ɗaya. A ɗaure adadin tallafin da farashin abinci, a kuma sanar da ranakun biya tun farkon shekara, yadda mai shago zai iya ba da bashi da sanin ranar da za a biya shi. Bankunan da ke neman sababbin masu ajiya, da matasan da ke neman sana'ar wakilcin banki, suna da kasuwa a mazaɓu irin Ngojin/Alaraba, muddin hukuma ta riƙa sabunta littafin bayarwa kamar yadda ta taɓa sabunta littafin karɓa.